Tsara Ginshiƙan Folda da Hanyoyin Bincike a Manhajar Imel ta Kwamfuta: Nazari a Kan Thunderbird

Tsakure

Wannan takarda ta dubi abubuwa biyu da masu aiki da imel a ofis ba su cika waiwaya ba, wato ginshiƙan da ke saman jerin saƙonni da kuma hanyoyin neman saƙon da ya shige. An ɗauki manhajar Thunderbird a matsayin misali saboda kyauta ce, kuma tana aiki a kan Windows da macOS da Linux. Takardar ta nuna cewa ginshiƙai da bincike tushensu ɗaya, domin dukansu daga bayanan goshin saƙo suke ɗebowa, sannan kowace folda tana buƙatar ginshiƙan da suka dace da tambayar da ake yi mata. An kuma bayyana cikas ɗin da haruffa masu lanƙwasa ke jawowa wajen neman saƙon da aka rubuta da Hausa, tare da hanyoyin kauce masa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin rajista na wata ma'aikata ya san littafin shige da ficen wasiƙu. Akawu yakan ɗauki rula ya raba shafi gida-gida: gidan kwanan wata, gidan lambar wasiƙa, gidan inda ta fito, gidan abin da ta ƙunsa, da gidan jami'in da aka miƙa wa. Littafin wasiƙu masu shigowa daban, na masu fita daban, kuma gidajensu ba iri ɗaya ba ne. A na farko ana son sanin wanda ya aiko, a na biyu ana son sanin wanda aka aika wa da masinjan da ya kai. Akawun da ya ja waɗannan layuka ya san tambayar da maigidansa zai zo da ita gobe, shi ya sa ya shirya mata gurbi tun yau.

Jerin saƙonnin da muke gani a manhajar imel shi ne wannan littafin a sabuwar kama. Kowane saƙo layi ɗaya ne a kwance, gidajen da ke tsaye kuwa su ne takardar nan ke kira ginshiƙai. Abin da ya sauya shi ne yanzu masu ƙera manhaja ne suka ja layukan, mafi yawanmu kuma mun karɓe su yadda suka zo, muna aiki da su shekara da shekaru ba tare da mun taɓa su ba. Sakamakon haka ma'aikaci kan ɓata lokaci mai yawa yana gangarawa da linzami yana laluben saƙo ɗaya, abin ya zama allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Manufar takardar ita ce ta mayar wa ma'aikaci rular akawu, ya ja layukansa da kansa.

2.0 Waiwaye

Tun a 1983 Thomas Malone ya nazarci yadda ma'aikata ke ajiye takardu a teburansu, ya gano cewa wasu na jerawa cikin fayil, wasu kuma na tarawa tuli-tuli, kuma tulin yana da nasa amfanin, domin abin da ido ke gani shi ke tuna wa mutum aikin da ke jiransa. A 1996, a taron masana hulɗar ɗan Adam da kwamfuta da aka yi a Vancouver ta ƙasar Kanada, Steve Whittaker da Candace Sidner sun gabatar da nazarinsu a kan ma'aikatan kamfanin Lotus. Sun kasa masu amfani da imel gida uku: waɗanda ba sa rarraba saƙonni cikin folda sam, da masu rarrabawa kullum, da masu bari sai ya taru su yi sharar gaba ɗaya lokaci-lokaci.

Bayan shekara 15, a 2011, Whittaker da abokan aikinsa sun dawo da wani nazarin da ya fi na farko faɗi, inda suka bi sawun mutum 345 a kamfanin IBM, suka tattara yunƙurin neman tsohon saƙo sama da 85,000. Abin da suka gano ya ba masu son folda mamaki. Waɗanda suka gina foldoji masu rassa da yawa ba su fi sauran dacewa da abin da suke nema ba, kuma bin folda ya fi bincike cin lokaci. Wani sakamakon da ba a cika ambata ba shi ne, hanyar da mutane suka fi bi ita ce gangarawa cikin jeri suna dubawa da ido. A nan wannan takarda ta kafa ƙafarta. Tunda ido ne ke yin mafi yawan aikin, abin da aka jera wa idon ya gani ya cancanci a tsaya a tsara shi.

3.0 Inda ginshiƙai ke samun bayanansu

Kowane saƙon imel kashi biyu ne, goshi da gangar jiki. Goshin yana ɗauke da layuka masu suna: wanda ya aiko, wanda aka aika wa, take, kwanan wata, lambar shaidar saƙo, da sunayen sabobin da ya ratsa kafin ya iso, wato kwamfutocin da ke karɓar saƙonni suna isar da su. An tsayar da wannan tsari a ƙa'idar RFC 822 ta 1982, wadda RFC 5322 ta 2008 ta gada. Manhaja ba ta buɗe kowane saƙo kafin ta nuna jeri. Thunderbird, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a Disamba 2004, tana ajiye wa kowace folda ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .msf, wanda ke ƙunshe da taƙaitaccen bayanin goshin saƙonnin da ke ciki. Daga nan ginshiƙai ke ɗebo abin da suke nunawa, kuma a nan ne ake adana zaɓin ginshiƙan wannan folda.

Abubuwa biyu suka biyo bayan haka. Na ɗaya, tsarin ginshiƙai na kowace folda ne ita kaɗai, don haka gyaran akwatin shigowa ba ya shafar sauran. Na biyu, tsarin yana zaune ne a kwamfutar da aka yi shi. Wanda ke amfani da IMAP, hanyar da Mark Crispin ya ƙirƙiro a 1986 don saƙonni su zauna a saba, zai tarar da saƙonninsa da foldojinsa a kowace kwamfuta ya shiga, amma ba zai tarar da ginshiƙansa ba. Dole ya sake jera su a sabuwar kwamfutar, ko ya kwafi ma'ajiyar bayanansa ta Thunderbird gaba ɗaya.

4.0 Tsara ginshiƙai

A ƙarshen layin sunayen ginshiƙai, ta hannun dama, akwai ɗan maɓalli da ke buɗe jerin dukkan ginshiƙan da manhajar ke da su. Wanda aka sa wa alama ya bayyana, wanda aka cire wa ya ɓuya. Ana jan ginshiƙi da linzami a sauya masa wuri, ana jan iyakarsa a faɗaɗa shi ko a tsuke shi, ana danna sunansa a jera saƙonni bisa shi. Tun daga sigar 115 da ta fito a Yuli 2023, akwai wani salon nuni da ke gabatar da kowane saƙo kamar kati, kuma a wannan salon ba a ganin ginshiƙai sai an koma salon jadawali. Mutane da dama da suka ce ginshiƙansu sun ɓace, wannan ne ya same su.

4.1 Kwanan watan aikawa da na isowa

Wannan shi ne wurin da ya fi jawo rigima a ofis, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Ginshiƙin kwanan wata da manhaja ke nunawa tun farko yana karanta lokacin da na'urar mai aikawa ta rubuta a goshin saƙo. Idan agogon kwamfutarsa ya karkace, alal misali ƙaramin batirin da ke riƙe agogon ya mutu, saƙon zai zo da kwanan watan shekarun baya, ya faɗa can ƙasan jeri inda ba mai ganinsa. Ginshiƙin isowa kuwa yana karanta lokacin da saba ta karɓi saƙon, wanda agogon mai aikawa ba shi da iko a kansa.

A ɗauki sakataren wani sashe a jami'a wanda ke karɓar maƙalun taro, an kuma sa wa'adi ƙarfe 12 na daren Juma'a. Ranar Litinin wani malami ya shigo yana cewa shi fa tun ranar Alhamis ya turo tasa. Sakatare ya duba saman jeri bai gani ba. Mai yiwuwa malamin ya rubuta saƙon ranar Alhamis babu intanet, saƙon ya kwana a akwatin fita har Asabar. Mai yiwuwa kuma ya iso a kan lokaci amma da karkataccen kwanan wata. Idan ginshiƙan biyu suna jere kusa da juna, kallo ɗaya ya raba gardama ba tare da an zargi kowa ba. Duk foldar da wa'adi ke da muhimmanci a cikinta, irin ta neman aiki ko ta kwangila ko ta maƙalu, tana buƙatar ginshiƙin isowa.

4.2 Mai aikawa, mai karɓa da abokin hulɗa

A akwatin shigowa sunan mai aikawa ake so, a foldar saƙonnin da aka tura kuwa sunan mai karɓa, daidai da littattafan akawu guda biyu. Matsala na tasowa a foldar ajiya inda aka haɗa masu shigowa da masu fita wuri ɗaya. Saboda haka ne sigar 45 ta 2016 ta kawo ginshiƙin abokin hulɗa, wanda ke nuna sunan ɗaya ɓangaren ko ta wace fuska saƙon ya bi, tare da 'yar kibiya a gefen saƙonnin da mai akwatin ya tura.

4.3 Girma, wuri da tambari

Ginshiƙin girma yana da amfani biyu. Idan akwati ya cika, jera saƙonni bisa girma yakan nuna cewa 'yan saƙonni ƙalilan masu ɗauke da hotuna da manyan fayiloli ne suka cinye wurin. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa kuma, ganin girman saƙo kafin buɗe shi yana ba shi damar jira har ya samu intanet na ofis. Ginshiƙin wuri yana nuna foldar da saƙo ke zaune, kuma amfaninsa ya fi fitowa a sakamakon bincike. Masu haɗa Gmail da Thunderbird kan ga saƙo ɗaya sau biyu, saboda Gmail na nuna shi a foldarsa da kuma foldar da ta tara dukkan saƙonni. Ginshiƙin wuri ne ke bayyana cewa saƙo ɗaya ne.

Tambari kuwa shi ne madadin ɗan rubutun da jami'i ke yi a kusurwar fayil, cewa a dawo masa da shi ranar kaza. Thunderbird ta zo da tambura biyar masu launi, ana liƙa su da maɓallan 1 zuwa 5, maɓallin 0 kuma ya cire su, sannan mutum na iya sake musu suna ko ya ƙara nasa. Saƙo ba ya zama a folda biyu lokaci ɗaya sai an kwafe shi, amma yana ɗaukar tambari uku ko huɗu ba matsala.

4.4 Zaren zance da yaɗa tsari

Ginshiƙin zare yana tara saƙo da amsoshinsa wuri ɗaya. Manhaja na gane dangantakarsu ne daga lambar shaidar da kowace amsa ke ɗauka a goshinta. Shi ya sa idan mutum ya buɗe tsohon saƙo, ya danna amsa, ya goge taken ya rubuta sabuwar magana, saƙonsa kan maƙale ƙarƙashin tsohon zaren, mai karɓa ya kasa ganinsa. Sabuwar magana, sabon saƙo. Bayan an gama tsara folda ɗaya, a ƙasan jerin ginshiƙai akwai zaɓin ɗora wannan tsari a kan wata folda, ko a kan folda da dukkan rassanta, don kada a yi ta maimaita aiki.

5.0 Hanyoyin bincike uku

Thunderbird na da hanyoyin nema guda uku, kuma yawancin ƙorafin da ake yi cewa manhajar ba ta gano saƙo yana fitowa ne daga amfani da wata a wurin wata.

Ta farko ita ce matacin gaggawa, wanda ya zo a sigar 3.1 ta 2010, ana buɗe shi da Ctrl+Shift+K. Yana aiki a cikin foldar da aka buɗe kawai, yana rage jeri yayin da ake rubutu. Mutum na zaɓar inda zai duba: mai aikawa, masu karɓa, take, ko gangar jiki. Yana da maɓallan ware saƙonnin da ba a karanta ba, da masu tauraro, da masu tambari, da masu maƙalallen fayil. Babbar siffarsa ita ce yana kama guntun kalma. Idan aka rubuta "makaran", zai fito da makaranta da makarantu duka.

Ta biyu ita ce bincike na gaba ɗaya, wanda ya zo a sigar 3.0 a Disamba 2009, ana shiga shi da Ctrl+K. Wannan yana dogara ne da wata fihirisa da manhajar ke ginawa a hankali, mai suna Gloda, wadda ke zaune a fayil ɗin global-messages-db.sqlite. Yana ratsa dukkan asusu da foldoji a lokaci ɗaya, ya ba da damar rage sakamako bisa mutum ko folda ko shekara. Sai dai cikakkun kalmomi yake nema, kuma dabarar da yake bi wajen datse ƙarshen kalma don gano saiwarta an gina ta ne a kan Turanci. Ba ta san cewa littafi da littattafai dangi ne ba, ko gida da gidaje. Idan fihirisar ta lalace, ana rufe manhajar a goge wancan fayil, ita kuma ta sake gina shi da kanta ba tare da ko saƙo ɗaya ya salwanta ba.

Ta uku ita ce bincike mai sharuɗɗa, da Ctrl+Shift+F. A nan ake jera ƙa'idoji, kamar a ce saƙon da ya fito daga wane, wanda takensa ke ɗauke da kalma kaza, wanda bai wuce kwana 30 ba, sannan a zaɓi ko dole duka sharuɗɗan su cika ko ɗaya ya isa. A asusun IMAP, neman kalma cikin gangar jiki yana buƙatar ko dai an sauke saƙonnin a kwamfuta, ko a umarci saba ta yi binciken da kanta.

Mafi amfanin wannan hanya ta uku shi ne ana iya adana binciken ya zama folda. Irin wannan folda ba ta riƙe da saƙo ko ɗaya, tambaya ce kawai da ake maimaitawa duk lokacin da aka buɗe ta. Sakataren da muka ambata zai iya yin foldar "maƙalun da ba a ba su amsa ba", wadda za ta riƙa cika tana raguwa da kanta. Tana kuma da nata ginshiƙan, a nan ne ginshiƙin wuri da na isowa ke haɗuwa da bincike su zama kayan aiki ɗaya. Akwai gargaɗi guda: goge foldar bincike ba ya taɓa saƙonni, amma goge saƙo a cikinta yana goge ainihin saƙon daga mazauninsa. Manhajar Outlook ta Microsoft ma tana da irin waɗannan foldoji tun sigarta ta 2003, kuma wannan gargaɗi ya shafe ta.

6.0 Cikas ɗin haruffa masu lanƙwasa

Ga mai wasiƙa da Hausa akwai wata matsala da babu ita a littattafan koyon manhaja. A tsarin Unicode, harafin é na Faransanci ana iya warware shi ya koma e da 'yar alamar wasali a sama, don haka manhajar da ke son sauƙaƙa bincike tana cire alamar ta bar e. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba haka suke ba. Kowanne harafi ne mai zaman kansa da lambarsa, ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, kuma ba a warware su su koma k ko d ko b. A wurin kwamfuta, nisan ƙ da k kamar nisan m da z ne.

Ta fuskar harshe wannan daidai ne, domin ƙasa ba kasa ba ce, ɓata ba bata ba ce. Amma a aikace mutane na rubutu iri biyu. Wanda ke da allon rubutu na Hausa zai rubuta "kasafin kuɗi", wanda ke sauri a waya zai rubuta "kasafin kudi", wani tsohon hannu kuma ya rubuta "ku'di". Ma'ajin ƙungiya da ya nemi kalmar da ɗ zai samu rabin saƙonnin, ya ɗauka sauran ba su zo ba. Haka 'ya'ya a rubutun Nijeriya ke zama ƴaƴa a rubutun Nijar, ga kuma alamar hamza da ke da lambobi fiye da ɗaya, wata a miƙe wata a lanƙwashe, gwargwadon na'urar da aka yi rubutun da ita. Sunayen mutane ma haka, Muhammad da Muhammadu da Mohammed duk na iya zama mutum ɗaya.

Akwai mafita uku da ba sa buƙatar sabuwar manhaja. Ta farko, tunda matacin gaggawa na kama guntun kalma, sai a bar harafin da ake shakka a kansa, a nemi "udiri" don a samu ƙudiri da kudiri tare. Ta biyu, a bincike mai sharuɗɗa a sa layi biyu, ɗaya da lanƙwasa ɗaya babu, a zaɓi cewa ɗaya ya isa, sannan a adana shi ya zama folda don kada a sake rubutawa. Ta uku, wajen neman mutum a yi amfani da adireshin imel ɗinsa, domin shi rubutunsa ɗaya ne kullum.

7.0 Shawarwari

Ma'aikaci ya fara da tambayar kansa abin da yake nema a kowace folda, sannan ya bar ginshiƙai biyar ko shida da ke amsa wannan tambaya, ya ɓoye sauran don take ya samu fili. Ya rage yawan foldoji, ya mayar da aikin rarrabawa kan tambura da foldojin bincike. Ofisoshi su amince da tsarin rubuta take, kamar sa lambar fayil a farkonsa, domin lamba ba ta da matsalar lanƙwasa. Masu horar da ma'aikata su ware zama guda don wannan darasi, kamar yadda ake koya wa sabon akawu riƙon rajista. Masana harshe da masu ƙera manhaja kuwa, tunda lambobin Thunderbird a buɗe suke ga kowa, suna da damar gabatar da gyaran da zai ba mai bincike zaɓin ɗaukar ƙ da k a matsayin abu ɗaya a lokacin nema kawai, ba tare da an taɓa rubutun saƙon ba.

8.0 Kammalawa

Takardar ta bi sawun ginshiƙai daga goshin saƙo zuwa fuskar kwamfuta, ta bambanta hanyoyin bincike uku, ta kuma nuna inda rubutun Hausa ke cin karo da su. Dukkan gyare-gyaren da aka ambata ba su wuce aikin yammaci ɗaya ba, kuma ba a biyan ko sisi a kansu. Abin da suke buƙata shi ne irin tunanin akawun da ya ja layukan littafinsa, wato sanin tambayar da za a zo da ita kafin a zo. Wasiƙar da ke akwati amma aka kasa gano ta a ranar da ake buƙatarta tana iya jawo wa ɗalibi rasa gurbi, ko ta jawo wa ma'aikaci zargin da bai ji ba bai gani ba. Kare mutane daga irin wannan shi ne aikin rajista tun asali, kuma nauyin yana nan a wuyan duk wanda aka damƙa wa akwatin imel na ofis.